Bahaguwar Da Muka Ɓoye A Ɗakin Barguna

Matar ƙanena bahaguwa ce, kuma da sunan nan kowa ya san ta, daga gida har wurin aiki. Ni na laƙaba mata shi, ranar da ƙanena ya kai ni in gan ta na tarar tana yanka albasa da hagu. A hanyar komawa na ce masa, "Duk matan duniya ka rasa wadda za ka ɗauko sai wadda aka haɗa a juye?" Ya ce shi dai ita yake so. Na ce to Allah ya sanya alheri, amma ranar da ta ɗinka maka aljihu a baibai kada ka zo wurina. Yau shekara talatin da huɗu ke nan, har yanzu bai zo ba.

Hannun nan ya sha wuya tun tana ƙarama. Gwaggon da ta riƙe ta takan ɗaure mata shi ta baya da ɗankwali, ta miƙa mata tsintsiya a dama, ta zauna da bulala tana kallo. Abin da aka samu bayan shekarun duka bai taka kara ya karya ba: cin abinci, gaisuwa, karɓa da miƙawa, waɗannan ta yarda ta ba dama. Amma allura, wuƙa, maburgi, har da dungurin yara, duk na hagu ne. Abu ɗaya ne ya zauna mata daram, wato ɓoye shi. Da baƙo ya yi sallama sai ta ajiye abin da take yi, ta cusa hannun cikin mayafi kamar wadda ta sato wani abu.

Ta fara aiki a gidan wanki da guga tun yana ɗaki biyu, da injin wanki ɗaya mai tari kamar tsoho, da dogon tebur guda a jikin bango. Ita ce mai gugarsu ta farko. Ni sai bayan shekara huɗu na shiga, da mijina ya rasu. Ita ta roƙa mini aikin, kuma ba ta taɓa yi mini gori ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan, don na shirya amsa tun tuni ban samu inda zan sauke ta ba. Aikina ware kaya ne: fari gefe, mai launi gefe, na asibiti gefe, sannan in laluba aljihu kafin a zuba a inji. Abin da na tsinta a aljihun mutane, da zan buɗe baki, da aure goma ya mutu a yini ɗaya.

Wuri ya yi ta girma har wani babban kamfani mai rassa shida ya saye shi, muka zama na bakwai. Otal-otal da asibitoci suka koma kawo mana zannuwan gado da tawul da fararen riguna mota-mota. Ma'aikata kuwa aka tara su kamar an share kasuwa. Akwai Dogo, tsohon direban babbar mota da ciwon baya ya sauke shi daga sitiyari. Akwai Kurma, wanda ko injin ya fashe ba zai waiga ba. Akwai Baƙuwa, da ta zo daga wata ƙasa mai nisa ba ta jin ko "zo" a harshenmu. Akwai Mai Digiri, da ya gaji da yawon neman ofis ya zo guga da tabarau. Tsofaffi da matasa, masu salla da masu zuwa coci, duk ga su nan.

Duk wanda aka ɗauka guga, kusa da Bahaguwa ake tsayar da shi. Ba wanda ya kafa wannan doka, haka dai aka taso aka gani. Ita kuma ba mai surutu ba ce. Za ta shimfiɗa rigar matashin kai ta goge kana kallo, ta tura maka wata. In ka yi daidai, ta ɗauke ba tare da ta dube ka ba. In ka kama hanyar ɓarna, ta ƙwanƙwasa tebur sau biyu da bayan yatsa. Shi ke nan karatun. Kwana uku kana kan rigar matashi, sannan zanin gado, sannan riga, kwala kuwa sai ta ga hankalinka ya zauna. Mutum goma sha biyu ne a jere a teburin nan kafaɗa da kafaɗa, amma ba ka taɓa jin gwiwar hannun wani ta bugi ta wani ba.

Tana shekara ashirin da shida a teburin kamfani ya fito da sabon abu. Wai kowa sai ya yi kwas ya karɓi takardar shaida, wanda ba shi da ita kuwa ƙarshen shekara ya kama gabansa. Aka turo mana Mai Horo, wani ɗan gaye mai ɗamarar wuya, wanda muka sa wa suna Mataki-na-Ɗaya saboda ko ruwa zai sha sai ya ce mataki na ɗaya. Aka kai mu ɗakin sama mai sanyi, aka kunna majigi, aka raba biskit. Ba zan ci amanarsa ba, a wurinsa na koyi yadda ake fizge tukunyar kashe gobara, da abin da ake yi in tururi ya ƙona mutum. Amma kwana uku ana koyon guga, ba wanda ya taɓa dutsen guga.

Ranar jarrabawa, mu da ba mu yi boko ba shi yake karanta mana tambaya da amsoshi huɗu, mu zaɓa. Tun tambaya ta biyu na lura in ya zo kan amsar gaskiya girarsa takan ɗaga. Ban ƙara sauraron bakinsa ba, girar na bi, na cinye tas. Har tafi ya sa aka yi mini.

Da aka zo kan Bahaguwa ya ce, "Baba, yaya ake gane dutse ya yi zafin da ya dace da siliki?"

Ta ce, "A kusanto da shi kumatu."

"Babu wannan a cikin amsoshin."

"To a ƙara."

"Amsar ita ce a duba lambar da ke jikin dutsen."

"Ɗana, lambar dutsen Dogo ta goge tun bara. Na Kurma kuma maƙaryaci ne, in ya ce biyu to huɗu yake nufi."

Ta faɗi jarrabawar. Aka sake mata bayan wata biyu, na kwana biyu ina koya mata karatun gira, ta ce, "Yaya, ni gira zan goge ko riga?" Ta sake faɗuwa.

Manajanmu mutum ne mai kirki da tsoro, sai dai tsoron ya ɗan fi yawa. Ya kasa sallamarta, ya kuma kasa faɗa wa hedkwata gaskiya. Duk lokacin da suka tambaya sai ya ce ai kowa ya gama. Muna cikin wannan lallaɓa sai ga wasiƙa: za a turo mai bincike daga jami'a, kwana uku, a duba yadda ake horar da ma'aikata da yadda mutane iri-iri suke aiki tare. Manaja ya tara mu bayan an tashi, da takardar a hannunsa.

Ya ce, "Jama'a, duk wanda ya zo da littafi da biro, wani ne zai rasa wurinsa. In aka gano akwai mai guga ba takarda, Baba ta tafi, ni ma ban san makomata ba. Baba, ki huta a gida kwana ukun nan."

Ta ce, "Ban da haihuwa ban taɓa fashi ba. Marasa lafiya ba su san kun yi baƙo ba, zanin gadonsu suke jira."

Aka yi juyin duniya ta ƙi. Daga ƙarshe ni na kawo shawara, kuma ba na jin kunyar faɗa: a sa ta a ɗakin barguna, wani ɗan sito da ke fuskantar teburin guga, ta riƙa ninke barguna a ciki, ni kuma in dawo da aikina bakin ƙofar in zauna a kan ƙunshin kaya. Wanda zai shiga sai ya ɗaga ni, kuma ba a haifi mai wannan ƙarfin halin ba. Manaja ya sayo sababbin rigunan aiki iri ɗaya don kada wani ya fita daban. Ya kuma sa muka haddace amsa. Wa ya koya maka aiki? Kwas. Akwai matsala? Babu. Baƙuwa ta yini tana maimaita "kwas, kwas" kamar mai korar kaji, Kurma kuwa aka rubuta masa a takarda ya sa a aljihu.

Mun zaci wani ƙato mai tumbi za mu gani. Sai ga wata 'yar siririyar mata da takalmi shafaffe da jaka a kafaɗa, rigarta kuwa rabon ta da dutsen guga tun a shago. Muka ce mata Malama. Ranar farko ta bi mu ɗaya bayan ɗaya da 'yar na'urarta ta ɗaukar magana. Dogo ya ce kwas. Mai Digiri ya ce kwas, har da ƙarin turanci. Baƙuwa ta ce kwas tun kafin a tambaye ta. Kurma ya zaro takardarsa ya miƙa yana murmushi. Da yamma ta iso wurina ta tsuguna.

"Inna, sannu da aiki. Ke wa ya koya miki?"

"Kwas, 'yata."

"Shekararki nawa a nan?"

"Ashirin da biyu."

"Kwas ɗin kuma bana aka fara shi."

"To ai shi ya sa na ce Allah ya yi masa albarka. Shekara ashirin da ɗaya ina ware kaya cikin duhu."

Ta yi dariya har ta kashe na'urar. Ta ce, "Inna, bari in faɗa miki abin da ya kawo ni. Rassa bakwai duk kwas ɗaya suka yi, malami ɗaya, majigi ɗaya. Amma nan ne aka fi ƙarancin ƙona kayan mutane. A sauran rassan sabon ma'aikaci ba ya wata shida ya gudu, musamman baƙi da masu lalura. Nan kuwa in mutum ya shigo sai tsufa. In kwas ne, me ya sa bai yi wa sauran aiki ba?"

Na ce, "Ruwanmu ne mai kyau."

Ta dubi ƙofar da ke bayana, ta dube ni, ta ce Allah ya kai mu gobe. Tun a nan na san yarinyar nan ba ta da gira mai ɗagawa.

Kashegari ba ta tambayi kowa komai ba. Ta kife bokiti a gefen teburin guga ta zauna, ta zuba ido. Aka sha shayin hantsi tana kallo, aka koma aiki tana kallo. Manaja ya leƙo sau bakwai yana tambaya ko a kawo mata kujera. Can wajen azahar ta miƙe, ta miƙa wa Dogo biro ta ce ya sa mata hannu a wata takarda. Ya sa.

Ta ce, "Malam Dogo, da wane hannu kake guga?"

Ya ce, "Da dama mana. Ni na yi kama da bahago?"

"Ɗauki dutsenka in gani."

Ya ɗauka, da hagu. Ya tsaya yana kallon hannun kamar an ba shi aron na wani. Sai kowa ya dubi nasa. Mutum goma sha ɗaya a tebur, duwatsu goma sha ɗaya, duk a hannun hagu. Ni da nake gane mace na da ciki kafin ita ta sani, shekara ashirin da biyu ina kallon teburin nan ban taɓa lura ba.

Malama ta ce, "Da dama kuka sha shayi, da dama kuke rubutu. A majigin kwas ɗinku ma da dama ake guga, na kalla. Ba yadda za a yi bahagwai goma sha ɗaya su haɗu a ɗaki ɗaya. Mutum guda ne ya koya muku duka." Ta taka zuwa bakin tebur, inda katako ya lotsa ya yi sulɓi saboda shekaru, ta ɗora tafinta. "Wurin nan na wane ne?"

Manaja ya share gumi ya ce, "Wannan, ai, mun bar shi ne don iska ta riƙa shiga."

Shi kuwa Mai Digiri tun ɗazu ya saki baki yana nazarin hannunsa, ya manta dutsensa na zaune a kan farar rigar likita. Ni ban gani ba, Manaja bai gani ba. Amma akwai mai leƙe ta tsagar ƙofa. Sai muka ji daga bayana, ƙwas, ƙwas, sau biyu. Kafin ka ƙifta ido duk teburin sun sunkuya kan kayan gabansu, har Kurma da ya ga sauran sun sunkuya. Mai Digiri ya fizge dutse, riga ta tsira da ɗan ja kaɗan a gefen aljihu.

Malama ta juyo a hankali. "Inna, bargunan naku ƙwanƙwasa ƙofa suke yi?"

Na ce, "Na asibiti ne, 'yata. Ba abin da ba sa yi."

Daga ciki aka ce, "Yaya, tashi. Ƙafata ta yi tsami."

Na tashi. Ta fito da gashin bargo har a gira, ta gaida Malama da dama, hagun kuwa tuni ya shige mayafi. Malama ta ba ta bokitin ta zauna, ita ta tsuguna a ƙasa, ta tambaye ta yadda aka yi.

Bahaguwa ta ce, "Ba wata dabara ba ce. Yarinyar farko da aka tsayar kusa da ni, yini muka yi gwiwar hannuna na dukan tata. Na ce mata, ɗayanmu sai ya sauya, ni kuwa an gwada ni da bulala an kasa. Ta sauya. Wanda ya zo bayanta ya tarar da mu haka, shi ma ya bi, don teburin ba ya ɗaukar gardama. Daga baya na ga aikinsu ya fi kyau a hakan. Dutse ai nauyi ne kawai, ko jaki ya tura shi. Hannun da ke shimfiɗa riga, ya buɗe kwala, ya kauce wa maɓalli, shi ke bukatar wayo. To ka ba shi hannunka mai wayo."

"Ke kuma fa, Baba? Naki mai wayon ai yana kan dutse."

"Ni gwaggona ta riga ta wayar mini da daman da duka. Biyu gare ni."

Dogo ya yi dariya har ya dafe bayansa. Malama ta nuna Kurma da Baƙuwa ta ce, su fa, da wane harshe aka koya musu? Bahaguwa ta ce ita ba ta taɓa ganin rigar da ta tambayi yaren mai goge ta ba; ka tsaya kusa da mutum, ka bar shi ya ɓata ƙaramin abu kafin ka ba shi babba, kada kuma ka kunyata shi a gaban jama'a, shi ya sa take ƙwanƙwasa tebur maimakon kiran suna. Sai Baƙuwa ta matso, da 'yar Hausarta da ta tsinta a bakinmu, ta ce, "Sati na farko ni kuka, kuka, rigar matashi ya jiƙe. Mama ba magana. Ta goge ya bushe, ta ba ni wani." Na juya ina laluben aljihun wani wando da na riga na laluba, don wani abu ya faɗa mini a ido.

Nan Manaja ya fashe da gaskiya, ya faɗi zancen takarda da dokar ƙarshen shekara, ya haɗa hannu biyu yana roƙo. Malama ta rufe littafinta.

Ta ce, "Ni ba na ɗauka, ba na kora. Abin da na gani nake rubutawa, hedkwata kuma za su karanta. Ba na sa sunan kowa a rahoto, amma ko ban sa ba, bahaguwa ɗaya ce a reshen nan, za su gane, za su kuma gane ba ta da takarda. Ba zan yi muku alkawarin abin da za su yanke ba. In Baba ba ta yarda ba, zan cire wannan gaba ɗaya, in ce ban gano dalili ba. Ita ke da zaɓi."

Manaja ya ce a cire. Dogo ya ce a cire. Ni ma na ce a cire, da ƙarfi ma, don na san manyan ofis, in suka ga abin da ya fi su sani haushi suke ji. Na ce, "Ke dai ki yi shiru ki ci gaba da gugarki a ɓoye har Allah ya kawo mafita."

Ba ta dube ni ba. Ta zaro hannun daga mayafi ta ɗora a kan gwiwarta, da tabon ƙuna da kanta da komai.

Ta ce, "Tun ina shekara biyar ake ɓoye hannun nan. Jiya da yau har da ni kaina aka haɗa aka tura cikin barguna. Rubuta, 'yata. In sun kore ni, su kore ni sun san wadda suka kora."

Na ce, "Da ma na faɗa wa ƙanena a juye aka haɗa ki."

Ta ce, "Ya faɗa mini, Yaya. Tun daren farko."

Rana ta uku Malama ta ajiye littafi ta ce a tsayar da ita a tebur, wai ba za ta rubuta abin da hannunta bai taɓa ba. Aka ba ta rigar matashi. Na ƙirga mata ƙwanƙwasa tara kafin azahar. Da za ta tafi, Bahaguwa ta sa ta cire mayafinta ta goge mata shi, ta ce ba za a ce daga gidan guga mutum ya fito haka ba.

Sai jira. Wata biyu cur. Manaja ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ni na yi fushi da ita na sati guda, ba wai na daina yi mata magana ba, faɗa kawai nake yi. Ƙanena, wanda duk rayuwarsa bai taɓa faɗin magana biyu a jere ba, ya ce mini, "Yaya, bar ta." Ita kuwa kullum tana bakin teburinta, sai dai na lura ta daina rufe hannun in baƙo ya shigo.

Daga ƙarshe wasiƙu biyu suka zo daga hedkwata. Ta farko ta Manaja ce, aka wanke shi tas ba sabulu saboda ƙaryar da ya yi, amma aka bar shi a kujerarsa. Ta biyu ta ce doka tana nan, ba mai aiki sai da takarda. Da aka karanta wannan layin na fara ɗaure ɗankwali, don na yi niyyar in je hedkwatar da kaina su ji abin da ba su taɓa ji ba. Mai Digiri ya ce in dakata, akwai saura. Wai an sauya kwas: kwana ɗaya a ɗakin sama don zancen gobara da lantarki, sati biyu a tebur kusa da tsohon hannu. Kuma ba takardar da za ta fita daga reshenmu sai da shaidar mai koyarwa a tebur. An kuma faɗi ko wace ce.

Mataki-na-Ɗaya da kansa ya kawo takardun, da ɗan akwatin tawada tunda ba ta rubutu. Ta saman ita ce tata. Wato ita za ta shaida cewa ita ta iya guga. Ya buɗe tawadar ya tura wajen damanta. Ta miƙo babban yatsan hagu ta dangwala, ta danna sosai. Sannan ta ɗaga kai ta ƙare wa kwalarsa kallo.

"Wa ke yi maka guga?"

"Ni nake yi, Baba."

"Na gani. Cire ɗamarar wuyan nan ka tsaya nan."

Kwana biyar ya yi a kan rigar matashi. Dogo yana wucewa ta bayansa yana cewa, "Malam, har yanzu mataki na ɗaya ake?" Amma yaron kirki ne, bai yi zuciya ba, yanzu ma in ya zo sai ya kawo mata lemo.

Kada ku ce manyan ofis sun yi hankali gaba ɗaya. Wani mai wayo a can ya karanta rabin rahoton, ya aika wa sauran rassa shida cewa daga yau kowa ya koma guga da hagu. Sati biyu aka yi ana ƙona zannuwan otal kamar ana gasa su. Sai da Malama ta sake rubuta musu cewa ba hannun ne maganin ba, tsayuwar ce, a nemo tsohon hannu mai haƙuri a kowane reshe a tsayar da sabo kusa da shi. Da labarin ya iso mana Bahaguwa ta yi dariyar da ban taɓa jin ta yi ba, har ta zauna a kan kwandon tawul.

Ni yanzu na ajiye aiki, gwiwa ta ce ya isa. Ita tana nan, takardarta na rataye a bango sama da teburin, tururi ya sa gefenta ya fara nannaɗewa. Rannan na je gidansu da rana, jikarta ta wurin babban ɗanta, 'yar shekara uku, tana zaune a tabarma ta ɗauki fensir tana zane da hagu. Ban san lokacin da hannuna ya tafi zai ɗalle mata yatsu ba. Sai na ji ƙwas, ƙwas a jikin ƙofa. Ban ko waiga ba. Na mayar da hannuna na gyara ɗankwalina, na ce da ma ƙuda nake kore mata.